Gardamar Mako da Jinja2 a fadarmu ta Birni

Mu uku muka karɓi aikin gina wa wata ƙungiyar dukawa ta Damagaram shafin intanet, inda za su riƙa baje jakunkuna da takalman fata. Mun yarda da Python, harshen rubuta manhaja, da Flask, kayan aikinsa na gina shafin intanet, tun zaman farko. Inda aka yi tirka-tirka shi ne zaɓen mazubin shafi, wato tamfilet, abin da ke haɗa bayanai da HTML, rubutun da ke tsara shafi, kafin su isa ga mai kallo.

Ni na kafe a kan Mako, na Mike Bayer, don yana barin mutum ya rubuta Python tsagwaronsa a cikin shafi. Abokina ya ce Jinja2, wanda Armin Ronacher ya fitar a 2008, shi ne ke zuwa tare da Flask, me zai sa mu je nesa? Sati biyu muna wannan a fada, shayi na farko har na uku. Ƙarshe suka bar mini.

Da yake hanya a buɗe take, sai na cusa lissafin farashi da ragi da kuɗin aikawa duk cikin mazubin. Ya yi aiki kuwa. Amma da na yi tafiya Maraɗi, aka nemi ƙanena da ke koyo a wurinmu ya ƙara jika biyu kan farashin wata jaka. Ya wuni yana laluben inda lissafin yake, bai samu ba. Da ya kira ni ya ce, "Yaya, ban gane komai a nan ba," abin ya dame ni ƙwarai, domin shi zai riƙe shafin bayanmu.

Na dawo muka koma Jinja2, lissafi ya koma cikin Python inda ya dace.

Nan ma mun ci karo da wani abu. Kalmar "sana'a" ta fara fitowa a allo kamar haka: sana'a. Dalili kuwa, Mako ba ya tace alamomin HTML, wato sauya su don kada a ɗauke su a matsayin umarni, sai an umarce shi, don haka da hannu nake tacewa, alhali Flask na sa Jinja2 ya tace da kansa, sai tacewar ta zama biyu. Abokina ya ce mu liƙa |safe, umarnin da ke hana Jinja2 tacewa, a wuce wurin. Na ƙi, don hakan zai buɗe ƙofa ga duk wanda ya cusa mugun rubutu ta gurbin oda. Muka kwana biyu muna cire tsohuwar tacewata layi-layi, ƙanena ne ma ya gano ta ƙarshe a shafin takalma.