Saƙon godiya: Rufaida ta dawo gida

Alhamdulillahi. Jiya bayan la'asar aka sallamo mana jaririyarmu daga asibiti, bayan kwana 23 a kwalba. Sauran labarin kun sani, ba ni da ƙarfin maimaitawa.

Daren da ta cika kwana biyar ne ya ƙi fita raina. Wajen ƙarfe uku na'urar da ke kanta ta ɗauki ƙara, aka ce in fita. Ina tsugune a bakin ƙofa, Larabcin da na yi shekara tara ina yi a Madina ya gudu, ko "lafiya?" na kasa tambaya. Can sai wata nas ta leƙo ta ce da Hausa, "Ɗan'uwa, tashi, tana numfashi." Ashe 'yar garin Mai Wurno ce ta Sudan. Ta sa na wanke hannu, na zura yatsa ta ƙofar kwalbar, yarinya ta damƙe. Ban ko tambayi sunanta ba, kuma ban sake ganinta ba. Da gari ya waye na ce wa mai jego na samu suna.

Rufaida Al-Aslamiyya sahabiya ce, a nan garin ta kafa tanti a masallacin Annabi (SAW) tana jinyar masu rauni. Da kibiya ta samu Sa'adu bin Mu'azu a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, tantinta aka kai shi. Sunan daga "rifdu" ya fito, wato kyauta ko tallafi, aka ƙanƙanta shi: 'yar ƙaramar kyauta. Wanda ya gan ta ranar da aka haife ta ya san bai yi mata yawa ba.

Don Allah mutanen gida, gaɓa uku ne: Ru-fai-da. Ba Rufa'ida ba, babu tsayawa a maƙogwaro, kuma ba ƙanwar Rufa'i ba ce, tushensu daban. Gwaggo, na ji saƙonki daga Kano har sau uku, ke kam an yafe miki.

Hajiya mai ƙosai ta ƙasan gidanmu, kin ce kada in ambace ki, ki yi haƙuri. Kunun kanwa kullum da asuba, ko riyal ɗaya kin ƙi karɓa. Kawu da ya tsaya kan ragon suna ina asibiti, abokan aiki da suka riƙe min shago, Allah Ya biya ku da Aljanna, Ya jiƙan iyayenku, Ya raba ku da kwanan asibiti. Ita kuma nas ɗin nan, baiwar Allah, Allah Ya zaunar da ƙasarsu lafiya, Ya tashe ta tare da mai sunan.

Waɗanda suka zo Umara suka yi mako a gefen Harami ba su leƙo ba, mun ga hotuna, Allah Ya karɓi ibada.

Masu zuwa barka, a bari sai bayan Juma'a. Likita ya hana yawan ɗauka, mai jego kuma barci take bin bashi.