Raguna uku da na turke a unguwar Bagalam, Maradi

Shekarar da na fara turka, raguna uku na saya, saura wata uku babbar salla. Kawuna ne ya raka ni kasuwar dabbobi ta nan Maradi, don shi ya daɗe a harkar. Na ɗauki wani ɗan ƙaramin rago saboda araharsa, na ɗauki wani uda mai ƙiba da ya cika mini ido, sai kawu ya matsa mini in ƙara da wani balami dogo, ramamme, haƙarƙarinsa duk a waje. Na ce, "Kawu, wannan ai kamar mai ciwo." Ya buɗe bakin ragon ya nuna mini manyan haƙora biyu a gaba, ya ja fatar ido ya ga jajir take, ya ce, "Ɗana, yunwar rani ce kawai. Ƙashi za ka saya, nama kai za ka sa masa."

Da muka iso gida na aro sikelin rataye wurin wani mai awon hatsi, muka sa kowanne a buhu muka ɗaga. Ƙaramin kilo 21, balamin 36, udan 48. Na ba su maganin tsutsar ciki, malamin dabbobi ya yi musu allurar rigakafi, na turke kowanne da akushinsa. Abincinsu ɗaya: harawar wake da ta gyaɗa, dusa da aka jiƙa da ɗan gishiri da kanwa, wani lokaci ƴaƴan gawo. Duk sati biyu nake awo ina rubutawa a littafi.

Ƙaramin shi ya fi ba ni mamaki. Cinsa kaɗan ne, har ina murna ba ya cinye mini dusa. Ashe abin da yake ci tsawo yake tafiya, ƙafa da ƙaho, don bai gama girma ba. Bayan kwana 90 kilo 8 kawai ya ƙara, kuma ga wata matsala da ban yi tunaninta ba: haƙoransa duk na nono ne, masu saye suna shakkar ko ya cika shekara, tunda a mazhabarmu ta Malikiyya ragon layya sai ya shekara. Dole na riƙe shi har bayan salla, ina ciyarwa ba kasuwa.

Udan kuwa ci yake kamar gara. Dabba takan ci gwargwadon nauyinta ne, busasshen abinci wajen kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na nauyin jikinta a yini, kuma babban rabon yana tafiya wurin riƙe jikin da take da shi. Wanda ya riga ya cika, abin da zai ƙara kitse ne, kitse kuwa ya fi nama cin abinci. Kilo 6 ya ƙara. Na sayar da shi da kyau, amma da na cire kuɗin saye da na harawa, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Balamin nan da na raina, sati biyun farko kamar ba ya motsi, daga nan ya buɗe. Gadon bayansa ya cike, gashinsa ya kwanta yana sheƙi. Kilo 15 ya ƙara, alhali bai kai udan ci ba. Wani ɗan kasuwa mai kai raguna Najeriya ta hanyar garin Ɗan Isa ya saye shi tun kafin in fitar da shi kasuwa, kuma ribarsa ce ta rufe asarar ƙaramin.

Wani kuskuren da ya ci mini kuɗi shi ne harawa. A ƴan shekarun nan salla tana faɗowa ƙarshen bazara, lokacin da damin harawa ya fi tsada, ni kuwa ban tara komai da kaka ba, kullum sai na saya a bakin hanya. Yanzu da an cire wake nake shiga ƙauyukan wajen Tibiri in sayo, in jibge bisa rumfa.

Bana huɗu na turke, dukansu masu haƙora biyu, tsakanin kilo 33 da 38. Littafin awon yana nan rataye kusa da turke, jibi ne awo na uku.