Yadda na shirya tallar rance a Kano bisa ƙa'idar doka

Ina aiki a sashen talla na wani ƙaramin banki mai ba 'yan kasuwa rance a Kano, kuma ni aka ɗora wa nauyin shirya tallar rediyo da takardun rabawa na wani sabon rance da muka tanadar wa masu ƙananan shaguna a Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari. Abin da masu nemo mana abokan hulɗa suka so a faɗa gajere ne: kuɗi cikin kwana biyu, ruwa kashi 4 cikin 100 kacal, kuma babu jingina. Kowace kalma a ciki gaskiya ce, amma duk da haka lauyar bankin ta ce ba za a saka shi ba.

Dalilinta na farko yana cikin ƙa'idojin kare abokan hulɗa da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2019, waɗanda suka wajabta cewa duk kuɗin ruwan da za a ambata a talla a faɗe shi a kan lissafin shekara, kuma a bayyana sauran kuɗaɗen da ake cira. Kashi 4 ɗin namu na wata ne. Wanda ya karɓi Naira 100,000 na tsawon shekara guda zai biya ruwan Naira 4,000 duk wata, wato Naira 48,000 a shekara. Lissafin bai tsaya nan ba, domin ana ɗora ruwan ne a kan uwar kuɗin gaba ɗaya har ƙarshe, alhali mai rancen yana rage ta kowane wata da kimanin Naira 12,333 da yake biya, ruwa da uwa a haɗe. Da aka lissafa a kan abin da ya rage hannunsa, ainihin kuɗin ya kai kusan kashi 80 a shekara, tun ba a sa kuɗin gudanarwa da na inshora ba. Ɗan kasuwar da ke sayar da atamfa ya san ribar kowane turmi, kuma a ganina yana da haƙƙin ya ji wannan adadin kafin ya tako ƙofarmu.

Maganar jingina ma ba ta tsira ba. Ba ma karɓar takardar gida ko ta fili, amma muna neman mai tsayawa, kuma muna riƙe wani kaso na kuɗin a matsayin ajiyar dole. Dokar 2018 da ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ta hana yaudarar mai saye, kuma ɓoye sharaɗin da zai iya sauya shawarar mutum yaudara ce ko da ba a furta ƙarya ba. Haka muka ƙara sharuɗɗan biyu a rubutun.

Wahalar aikin ta fito ne a ɗakin naɗar murya. Minti ɗaya muka saya, kuma mai shirya tallar ya kawo shawarar da aka saba, wato a tura sharuɗɗan zuwa ƙarshe a karanto su da sauri kamar ana kora mai karatun. Na ƙi, na cire kirarin da aka yi wa bankin da rabin kiɗan, aka karanta adadin shekara da murya ɗaya da sauran maganar. Tun daga nan nake fara rubuta adadi da sharuɗɗa, sannan in ga abin da ya rage na kwalliya.

Bayan haka sai tantancewa. Dokar 2022 da ta kafa ARCON, hukumar da ke kula da tallace-tallace a Najeriya, a madadin tsohuwar hukumar APCON, ta ce sai kwamitin tantance tallace-tallace ya amince kafin a fitar da talla, kuma wannan ya haɗa da abin da ake sakawa a Facebook da Instagram. Duk wanda zai yi irin wannan aiki ya ware lokacin jiran amincewar tun kafin ya kama lokaci a gidan rediyo, kuma kada ya taɓa ko kalma ɗaya bayan an amince.

Inda ba mu gama shawo kai ba shi ne wakilanmu na cikin kasuwa, waɗanda ke rubuta tasu tallar a WhatsApp da tsohon kashi 4 ɗin domin ya fi jan mutane. Sunan bankin ne a kai, don haka alhakin namu ne. Yanzu muna tura musu rubutu guda da aka amince da shi, da Hausa da Turanci, kuma wanda ya sauya shi ana dakatar da kamashonsa na wannan watan.