Ziyarar gidan Kuvempu cikin damina

Ruwan da ya tarye mu a tashar Shivamogga bai rabu da mu ba har Kuppali, ƙauyen marubucin waƙoƙi Kuvempu a kudancin Indiya. Da asuba jirgin ƙasa ya sauke mu, ni da wani abokin karatuna ɗan jihar Karnataka, bayan mun kwana a hanya daga Bengaluru. Shi ya ja ni tafiyar. Na taɓa tambayarsa wane ne dattijon nan mai farin gashi da nake yawan ganin hotonsa a makarantu, sai ya ce amsar ba ta baki ba ce, sai na taka ƙafata gidan mutumin.

Bas ta kai mu Thirthahalli, garin da ke gaɓar kogin Tunga, daga nan saura kamar kilomita 18. Wannan yanki shi ake kira Malnad, ƙasar tuddai da kurmi. Dama da hagu gonakin adike ne, bishiyoyi dogaye sirara, kai ka ce tsinke aka kafa. Ɗan bishiyar suke taunawa da wani ganye, su miƙa wa baƙo, kuma ba a biki sai da shi. Na ce wa abokina ai goronku ke nan. Ya ba ni na ɗanɗana, bauri ya kama mini harshe, na tofar a ɓoye.

Sunan mawaƙin na yanka Kuppali Venkatappa Puttappa, aka dunƙule shi ya koma Kuvempu. An haife shi a 1904, ya rasu a 1994. Gidan kakanninsa, wanda suke kira Kavimane, wato gidan mawaƙi, yanzu gidan tarihi ne. A ƙofa muka tuɓe takalma. Bene ne mai rufin jan tayil, da tsakar gida a buɗe, ruwa na zubowa daga indararo ta kowace kusurwa. Ginshiƙan katako sun yi baƙi sun yi sulɓi don tsufa. Na fi daɗewa a madafa, ina kallon manyan tukwane da kwanduna da ludaya, kayan gidan manoma masu yawan baki.

A nan abokina ya faɗa mini abin da ya fi tsaya mini a rai. Da Turanci yaron ya fara waƙa, har ya buga ɗan littafi. Ya kai waƙoƙin wurin wani marubuci ɗan Ailan, James Cousins, shi kuwa ya ba shi shawarar ya koma harshen uwarsa, wato Kannada. Ya koma. Da Kannada ɗin ya rubuta Sri Ramayana Darshanam, doguwar waƙar da ta jawo masa kyautar Jnanpith ta 1967, mafi girma a adabin Indiya, kuma shi ne marubucin Kannada na farko da ya samu. Ya shugabanci Jami'ar Mysore daga 1956 zuwa 1960. Taken jihar da yara ke rerawa a makaranta ma waƙarsa ce. Ina tsaye ina jin wannan, sai kunya ta ɗan kama ni, don rabon da in rubuta shafi guda cikakke da Hausa tun ina sakandare.

Ba mutum ne mai lallaɓa al'ada ba. A tsohon labarin Ramayana, sarki Rama ya kashe Shambuka saboda shi ɗan ƙasƙantaccen aji ne amma ya shiga halwa yana ibada. Kuvempu, ɗan gidan manoma, ya ɗauki labarin ya juya shi a wasan kwaikwayonsa Shudra Tapasvi: Rama ya girmama mai halwar, malamin da ya kawo ƙara shi ya sha darasi. Kuvempu ya sha suka a kai, bai janye ba. Haka ya fito da wani tsarin aure mai suna Mantra Mangalya, ba sadakin da iyayen amarya ke biya, ba taron ƙure kuɗi, alkawarin ma da harshen da ango da amarya ke ji. Na tuna akwatunan lefen da suka hana yayana barci shekara biyu, na yi shiru.

Da ruwan ya ɗan tsagaita muka hau tudun bayan gidan, Kavishaila. An kakkafa manyan duwatsu a tsaye, an gicciya wasu a kansu, kabarinsa na nan a wurin. A kan wani falalen dutse akwai sunaye a sassaƙe, nasa da na malamansa biyu, B. M. Srikantaiah da T. S. Venkannaiah, da na ɗansa Tejaswi, shi ma marubuci. Daga nan ba abin da ido ke gani sai tudu bayan tudu, hazo na tashi daga kurmi kamar hayaƙin girki. Abokina ya rera mini baiti biyu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma muryarsa ta sauya.

Muna saukowa na ga jini a safata. Matsattsaku ne ya maƙale mini a idon sawu, ya sha ya yi tiɓis ban ko ji ba. Wata tsohuwa mai sayar da kofi ta barbaɗa masa gishiri ya faɗo, tana ta dariya. Kafin bas ta iso na koma na sayi ɗan littafin waƙoƙinsa, da baƙaƙen Kannada masu kama da ƙugiyoyi. Abokina ya yi alkawarin koya mini, mun kai harafi na tara.