Yadda na je Misira da kuɗin adashi

Duk Bahaushen da ka tambaya ina yake burin zuwa a duniya, Makka da Madina zai fara cewa, wannan kam babu musu, Allah ya kira mu baki ɗaya. To bayan nan ne ake rabuwa. A majalisarmu ta Tudun Wada akwai mai mafarkin Dubai don kawai ya hau Burj Khalifa mai mita 828 ya ɗauki hoto, akwai ɗan ƙwallon da ya rantse sai ya shiga Old Trafford kafin ya mutu, wani kuma finafinan Turkiyya sun cika masa kai kullum zancensa Istanbul. Ni tun ina makarantar dare nawa burin Misira ne, saboda malaminmu a Azhar, babbar makarantar addini ta Misira, ya yi karatu, in ya fara labarin Alƙahira har mantawa yake da darasi.

Maganar gaskiya ba wani kuɗi gare ni ba, shagon kayan waya nake da shi a Sabon Gari. Adashi na shiga da 'yan layinmu na ce a ba ni kwasar ƙarshe, don na san kaina, in kuɗi ya zo hannuna da wuri biki ko suna zai cinye shi. Abin da ya taimake ni sosai shi ne shawarar yayana, ya ce duk ɗan abin da na samu a gefe in riƙa canzawa zuwa dala ina ajiyewa ko da ashirin ashirin ne. Wallahi ba don haka ba da tafiyar ta sha ruwa, don daga tsakiyar 2023 da gwamnati ta saki naira, dalar da ke wajen 460 a farashin banki ta haura 1,500 a 2024, masu tara naira zalla suna ji suna gani kuɗinsu ya zama rabi ko ƙasa da haka. Su ma Misirawan a watan Maris na 2024 fam ɗinsu ya faɗi ya koma wajen 50 a dala ɗaya, sai ya zama mai riƙe da dala ya ɗan samu sauƙi a can.

Fasfo da biza da katin rigakafin shawara, wato yalo kad, ka gama da su tun kafin ka yi maganar tikiti, kuma kada ka miƙa fasfonka ga wani ejan da ba shi da ofis sai lambar waya. Daga Zariya Kano na nufa, daga filin jirgin Malam Aminu Kano akwai jirgi kai tsaye, awa huɗu da wani abu kana Alƙahira. Lokacin sanyi na je, kuma kada wani ya ruɗe ka wai ƙasar hamada ce, sanyin dare a can sai da rigar sanyi mai kauri.

Wurin wani ɗalibi ɗan unguwarmu na sauka a Madinatu Nasr, wata unguwa a Alƙahira, shi ya rage min kuɗin otal, shi ya koya min hawa jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da cin koshari, shinkafa ce da taliya da wake-wake iri biyu a zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa, ga araha ga ƙoshi. Larabcin da nake taƙama da shi na littafi kuwa bai kai ni ko'ina ba, suna gane ni amma in sun mayar da amsa da nasu na titi sai dai in yi murmushi in kalli yaron nan ya fassara. Hausawa kuma suna nan da yawa, ɗalibai da masu zuwa asibiti da 'yan kasuwa, kana tafe sai ka ji an ce sannu Malam daga bayanka.

Azhar ita ce ta kai ni kuma ita ce ta biya ni. An fara gina masallacin a shekarar 970, ka lissafa, sama da shekara dubu ana karatu a wuri ɗaya, kuma har yau bayan salla za ka ga malami ya jingina da ginshiƙi ɗalibai sun kewaye shi da littattafai, 'yan Indunusiya da 'yan Senegal da namu duk a zaune a ƙasa, sak zauren malamai na cikin birnin Zazzau sai dai girma. Na zauna a wata halƙar da ake karanta fiƙihu, rabin abin da ake faɗa ya wuce ni amma ban iya tashi ba har aka shafa. Tsallaken titi ga masallacin Husaini ga kasuwar Khan Khalili, can kuma ga masallacin Amru ɗan Asi wanda shi ne na farko da aka gina a ƙasar, ga kabarin Imam Shafi'i da ya rasu a 820. Ta garin nan Mansa Musa sarkin Mali ya bi a 1324 zai tafi hajji ya yi ta rabon zinare, wato mutanen yankinmu sun daɗe suna taka wurin nan.

Dalar Giza kuwa, to, a hoto sai ka ɗauka tana tsakiyar sahara ita kaɗai, alhali gari ya zo har gindinta, akwai gidajen abinci da kana zaune kana kallonta. Girman kam ba a magana, babbar ta Fir'auna Khufu da tsayinta ya kai mita 146 lokacin da aka gina ta kimanin shekara 4,500 da suka wuce, dutse ɗaya ya kusa kai min ƙirji. Amma masu raƙuma sun ɓata min rai, wani ya ce in hau kyauta ne don ni ɗan'uwa ne Musulmi, da na ce a sauke ni sai ya ce sauka kuma da kuɗi, ga ni a sama raƙumi ya ƙi durƙusawa. Ka yi ciniki ka gama, hawa da sauka da hoto, kafin ka ɗora ƙafa. A kasuwa ma haka, farashin farko na baƙo ne, ka taya rabi ka juya kamar za ka tafi za su kira ka. Kuma ka riƙe canji a aljihu don kusan duk wanda ya nuna maka hanya ko ya buɗe maka ƙofa yana jiran ɗan ihsani.

In kai mai son littafi ne kamar ni, akwai lungun shagunan littattafai a bayan Azhar, nan ne kuɗinka zai ƙare ba ka sani ba. Ga kuma saƙon mutane, wannan jallabiya, waccan abaya, malaminmu ma ya rubuto sunayen littattafai a takarda. Ka tambayi kilo nawa tikitinka ya ba ka tun kana gida, ka ari ɗan sikelin hannu ka auna jaka a masauki, don littafi nauyi gare shi kuma kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi da tsada. Ni dai sai da na bar mujalladi uku na wani tafsiri wurin yaron nan, ya ce zai taho min da su in ya zo hutu.