Darussan da na koya kan barin faifai ya ƙara wa kansa wuri

Duk wanda ya riƙe wayar dare a sashen ma'ajin bayanai na z/OS, tsarin aikin manyan kwamfutocin IBM, ya haddace B37, D37 da E37, lambobin da ke fitowa idan aiki ya faɗi saboda wurin rubutu ya ƙare. Aiki ya faɗi ƙarfe biyun dare, a tashe ka, ka ƙara wuri, ka sake tayar da shi. Idan abin ya yawaita sai umarni ya sauko daga sama: a kunna duk abin da zai sa wuri ya ƙaru da kansa, kada a sake jin B37. Bin wannan umarni ba tare da sa iyaka ba shi ne kuskure mafi tsada da na sani a wannan aiki, kuma ranar da abin ya fashe ba wanda ya ba da umarnin ake kira ba.

Fayil na gargajiya yanki 16 kaɗai yake samu a faifai ɗaya, wato rabon farko da ƙari 15. Idan an rubuta SPACE=(CYL,(100,50)) a JCL, umarnin da ake tayar da aiki da shi, ma'ana silinda 100 da farko sai ƙarin 50-50, ƙarshensa silinda 850, wato kimanin megabait 720, tunda silinda ɗaya ta faifai samfurin 3390 bait 849,960 ce. Manhajar da ta rikice tana ta maimaita rubutu, a nan za ta tsaya da B37, ta mutu ita kaɗai. To a mayar da fayil ɗin faɗaɗɗen tsari mai yanki 123 a kowane faifai, a kuma sa adadin faifan da SMS, mai raba wa fayiloli wuri, zai iya ba shi ya kai 59. Da wannan JCL ɗin, ba a canja ko harafi ba, zai iya lashe kusan silinda 363,000, sama da gigabait 300. A rukunin faifai samfurin 3390-9, inda kowane faifai silinda 10,017 ne, ya cinye fiye da rabin duk faifan da ya taɓa.

Daga nan sai abin ya bi layi. Rukunin ya haye iyakarsa ta sama, DFSMShsm, manhajar da ke rage wa faifai kaya, ya fara kwashe fayilolin mutane zuwa faifan adana na ML1 da kaset, mai rubutun kuwa yana cike gurbin da aka buɗe. Rukunin ko-ta-kwana ma ya cika. Sai ayyukan da ba su ji ba ba su gani ba su fara zubewa, na albashi, na rufe lissafin rana, shi kuma mai laifin yana nan da ransa domin an cire abin da zai kashe shi. Da safe ga dogon layin dawo da fayiloli daga kaset. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. B37 ɗin da ake ƙi, ashe ita ce birkin.

Lamba 59 tana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Kowane DD, wato umarnin JCL da ke haɗa aiki da fayil, yana cin bait 20 a TIOT, teburin da ke riƙe da DD ɗin matakin aiki, da ƙarin bait 4 kan kowane faifan da aka yi masa tanadi bayan na farko, ko ya taɓa shi ko bai taɓa ba. Da 59 ya zama bait 252. TIOT mai 32K da ke ɗaukar DD 1,635 sai ya koma ɗaukar 129. Matakin aiki mai DD 200 zai faɗi tun wajen rabon wuri, bai rubuta ko bait ɗaya ba, kuma masu manhaja za su rantse ba su taɓa komai ba. Gaskiyarsu ne.

Abin da ke aiki shi ne ƙari mai linzami. A ware ajin bayanai, wato ƙa'idojin da SMS ke sa wa fayil, na manyan fayiloli a ba shi faifai biyar zuwa goma, sauran a bar su yadda suke. Fayilolin gwaji da na wucin gadi kada su kwana rukuni ɗaya da na aikin gaske. Faifan ajiya kuma a rubuta sunayensu a rukunin tun da wuri, a shirya su da manhajar shirya faifai ta ICKDSF (umarnin INIT tare da STORAGEGROUP), a bar su a kashe. Idan rukuni ya kai kashi 85 cikin ɗari, manhajar tsaro ta kunna guda ɗaya da umarnin VARY, ta aika saƙo. Idan cikin awa ɗaya aka nemi na uku, ta ƙi, ta tashi mutum. Rukunin da ke ƙaruwa da kashi biyu a mako, ya sha kashi ashirin cikin minti talatin, ba wuri yake nema ba. Wani aiki ne ya kamata a tsayar.

Na fifita wannan a kan faɗaɗa faifan kansa a na'urar ajiya ta DS8000, duk da cewa umarnin chckdvol na yin haka faifai na kan aiki. Faifan da aka faɗaɗa ba ya komawa ƙarami. Sannan z/OS ba zai ga sabon wurin ba sai an sabunta VTOC, jadawalin abin da ke cikin faifan, ko ta ENABLE(REFVTOC) a fayil ɗin saiti na DEVSUPxx, ko ta ICKDSF REFORMAT REFVTOC da hannu. Wannan ma ba ya ƙara girman VTOC ɗin. Layi (track) ɗaya na VTOC DSCB 50 yake ɗauka, wato guraben rajistar fayiloli, saboda haka faifai mai tarin ƙananan fayiloli zai ƙi karɓar sabo alhali rabinsa fanko ne, sai an faɗaɗa VTOC ɗin da EXTVTOC. Mafi nauyi, faifan da ke cikin tsarin kwafi na Metro Mirror ko FlashCopy ba ya faɗaɗuwa sai an warware haɗin, a faɗaɗa ɓangarorin biyu, a sake kwafa. Tsawon wannan lokaci ba ka da cikakken kwafi a ɗaya cibiyar. Irin wannan shawara ba ta manhaja ba ce da tsakar dare.

Idan aka wuce silinda 65,520 faifai ya zama EAV, wato faifai mai faɗaɗɗen adireshi: sai da USEEAV(YES) a fayil ɗin saiti na IGDSMSxx, fayilolin da ba na tsarin VSAM ba sai da EATTR=OPT kafin su shiga sashen da ya haura wannan adadi, kuma a sashen sama silinda 21-21 ake rabawa.

A zFS, tsarin fayilolin UNIX na z/OS, aggrgrow da ke ƙara masa wuri da kansa ba ya motsi idan ba a sa adadin ƙari bayan rabon farko ba, kuma a gigabait 4 yake tsayawa idan fayil ɗin ba shi da faɗaɗɗen adireshi. PDS, fayil mai ɗauke da ƙananan fayiloli a cikinsa, ba ya tsallakawa faifai na biyu, PDSE ma haka. DCOLLECT, mai tattara ƙididdigar wuri, a gudanar da shi kullum, a ajiye na wata uku a ƙalla. Duk umarnin cire iyaka a karɓe shi a rubuce, da sunan mai shi da kwanan wata, a liƙa shi a takardar canjin kafin a taɓa SETSMS, umarnin canja saitin SMS.