Kada sif ta toshe taga

Sana'ata jeren amare. A nan Argungu nake, amma akan kira ni Birnin Kebbi, wani lokaci har Jega. Duk gidan da na shiga, kafin a kwance ɗaurin kaya ko ɗaya, sai na tsaya a tsakiyar ɗakin na duba ina taga take, ina rana ke faɗuwa. 'Yan uwan amarya kan ƙosa da ni a kan wannan tsayuwa, domin su hankalinsu yana kan inda za a kafa sif da madubi yadda mai shigowa zai fara cin karo da su. Ni kuwa tunanina yana kan yarinyar da za ta kwana a ɗakin nan a watan Afrilu, bayan 'yan ganin ɗaki sun watse, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya.

Wanda bai yi bazara a Kebbi ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, kuma ɗakunanmu na yanzu bulo ne da rufin kwano. Bulo yana shan zafi tun hantsi, sai dare ya yi ya riƙa amayar da shi cikin ɗaki. Ki ɗora tafin hannunki a bangon yamma bayan sallar isha'i ki ji, ɗumi ne rau. Jikin ɗan Adam kuma sai ya ɗan huce kafin barci ya ɗauke shi sosai, shi ya sa mutum ke kwana yana juye-juye, ya tashi da asuba da ciwon kai kamar bai runtsa ba. Ɗakin kakarmu na laka ne da rufin azara, bangonsa mai kauri, da tsakar rana ma sanyi gare shi. Ba cewa nake a koma ginin laka ba, amma tunda mun zaɓi bulo da kwano, dole mu biya su haƙƙinsu: a yi silin, a bar iska ta ratsa, kuma kada a jingina kan gado da bangon da rana ke duka da la'asar.

A nan ne nake yawan samun saɓani da iyaye. Sif ɗin yanzu mai ƙofa shida ce, ta cinye bango guda, kuma sau da yawa bangon da zai ɗauke ta shi ne mai taga. Wata gwaggon amarya ta taɓa ce mini, "Ɗiyata, ki rufe tagar nan kawai, ai ga wata can. Mutane za su ce ba mu yi mata kaya ba." Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, taga ɗaya iska ba ta shiga, sai tana da ta inda za ta fita. Masu cewa ba a yi kaya ba a gidajensu za su kwana." Muka kira kafinta ya raba sif ɗin biyu, rabi ya zauna a ɗaki, rabi ya koma falo. Ba ta ji daɗi ba a ranar, ban kuma ga laifinta ba, da guminsu suka sayi kayan. Amma a kan taga ba na sassautawa, domin ɗakin da ba ya shan iska ba zafi kaɗai yake tarawa ba. A lokacin zafin nan ne sanƙarau ke yawo, kuma cunkoso a rufaffen ɗaki yana taimaka masa. Ba mu manta da abin da ya yi a Zamfara a 2017 ba.

Sai maganar sauro, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Mu mutanen fadama ne, ga gulbi ga gonakin shinkafa, sauro ba baƙo ba ne a wurinmu. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar suna ɗauke da ƙwayar cutar, mafi yawa a duk Najeriya, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Wato kusan rabin yaranmu ke nan. Sauron da ke kawo ta kuwa da dare yake cizo, a kan gadon nan da muke ƙawatawa. Duk da haka amare da yawa ba sa son gidan sauro, wai yana ɓata tsarin gado. Ni nakan sa kafinta ya buga ƙugiyoyi huɗu a silin tun ranar jere, yadda da safe za a naɗe shi sama ya ɓace wa ido, da dare a sauke. In sabo ne mai magani, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara kwana ciki, shi ke hana ƙaiƙayin fuska da mutane ke kuka da shi. A cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta kowane ɓangare. In ya yi datti a wanke da sabulun wanki mara ƙarfi, a shanya a inuwa, rana tana kashe maganin. In ya huje a ɗinke, in ya kai shekara uku a nemi wani. Masu fita tsakar gida su kwana da bazara, wanda ni ma ina yi, su fita da shi, sanduna huɗu ko igiyar shanya sun isa.

Ragar taga ma ta shiga lissafin ango. Da ita za a iya barin taga buɗe har safe.

Abin da nake roƙon mata su bari shi ne fiya-fiya. Maganin ƙwarin gona ne, ba a yi shi don ɗakin kwana ba, amma sai a yayyafa shi ƙarƙashin gado saboda sauro ko kuɗin cizo, a rufe ƙofa, a kwantar da jariri a ciki. Kuɗin cizo a ɗinkin katifa da tsagar katako yake ɓuya. A fitar da katifa da katakon gado rana, a wanke zannuwa da tafasasshen ruwa, a toshe tsagogin bango, a maimaita bayan mako ɗaya ko biyu saboda ƙwansa. Aiki ne, amma ba ya taɓa ƙirjin kowa.

Turaren wuta ina son sa, ɗakin amarya ba ya cika sai da shi. Sai dai a yi shi da wuri, bayan magariba, taga a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta. Da hunturu ne abin ya fi haɗari, lokacin da ake shigo da gawayi don jin ɗumi a kulle ko'ina. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, mutum yana barci take illata shi. Irin ta ce ke cikin hayaƙin janareta, don haka janareta ba ya kwana a baranda kusa da tagar ɗaki, komai tsoron ɓarayi. A yi masa keji nesa a sa kwado.

Kafet mai gashi daga bango zuwa bango yana da kyau a hoto, amma da ƙurar hunturunmu rumbun ƙura ne, mai asma ko yawan mura shi zai gaya miki. Tayil ko leda da ƙaramar darduma a gefen gado sun fi sauƙin sha'ani, a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya da ke tayar da ƙura. Haka akwatunan lefe da ake jerawa saman sif, da kayan da ake turawa ƙarƙashin gado, maɓoyar sauro ce da ƙura. Labule kuwa na fi son biyu: mara nauyi da iska ke ratsawa, da mai kauri da za a ja da rana don tare zafi, a yaye da dare.

Zanin gado mai santsi da ƙyalli a bar shi don ranar baƙi, na auduga shi ne na kwana, yana shan gumi. Ledar da sabuwar katifa ke zuwa da ita a cire ta, mutane na barin ta don kada katifa ta tsufa, su kwana cikin jiƙe. Soket ɗin cajin waya kuma, in an tambaye ni, nesa da gado nake cewa a sa shi. Babba yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kuma mai tashi sallar asuba da ta kai sha biyun dare tana duba waya ba za ta same su ba.

Yanzu in aka kira ni jere, nakan nemi a haɗa ni da ango mako guda kafin a kawo kaya. Nakan ce masa, "Malam, kafin fenti, a duba silin, a sa raga a tagogi, in da hali a kafa rumfar zana ko a dasa darbejiya ta yamma da ɗakin." Wasu sukan yi duka, wasu ragar kaɗai suke iyawa, kuma in sun tambaye ni wanne za su fara da shi, ragar nake cewa.